Hayaƙin Bayan Gada

A bencin jiran likita, wani dattijo mai shagon lemo ya juya ga matar da ke kusa da shi, rungume da 'yarta mai tari.

"Kin ji wai mu masu shaguna za a ɗora wa harajin shara? Ni na yar da robar? A kama wanda ya sha ya jefar mana!"

"Ai kai ka ci ribar, Baba."

"Ki je ki ga ƙofar shagona, tas take! Kullum mai baro yana kwashewa, ni nake sallamarsa. Ƙazaman da ke kwana cikin bola, su ya kamata su biya."

"Ina yake kai ta?"

"Ina ruwana? Can bayan gada, inda ake ƙonawa. Ai ba kowa a wurin."

"Ba kowa? Tagar ɗakinmu ce ke kallon ramin. Mu rufe ta, mu toshe ƙasan ƙofa da tsumma, duk da haka hayaƙin robar sai ya shigo. Ka ji yadda ƙirjinta ke ƙara? Tun damina rabonta da makaranta."

"To, 'yata, ai ba ni na ce ya kai can ba."

"Ba ka ce ba, ba ka kuma tambaya ba. Kana ta faman wa zai biya, wa zai biya. Ga mai biya nan a cinyata!"

Nas ta leƙo ta kira na gaba. Dattijon ne. Ya miƙe, ya yi jim, ya ce, "Ku fara shiga."

Ta ɗauki 'yarta ta wuce, ko kallonsa ba ta yi ba.