Kan Kwamanda

Saliha: Salamu alaikum. Malam Habibou? Saliha ce daga Diffa, matar marigayi Lawali mai gyaran rediyo.

Habibou: Wa alaikumus salam. Saliha, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?

Saliha: Haƙuri da godiya. Ya Damagaram, ya iyali?

Habibou: Lahiya lau. Ya takaba, ya yara?

Saliha: Alhamdu lillahi. Kana jina? Rezon wayar nan ba ya kamawa sai na tsaya jikin taga.

Habibou: Ina jinki. Kogi ya kawo ruwa bana?

Saliha: An ce ya kawo, har ana dashen tattasai. Ni ka san ba fita nake ba. Malam, tambaya gare ni kan 'yan gwangwanin nan da kuke ƙerawa kai da shi.

Habibou: Robo-robonmu, 'yan mutum-mutumin nan masu tafiya da kansu? Suna nan dai ko?

Saliha: Suna kan kanta. Jiya Yaya Ɗan Azumi, wan marigayi, ya zo. Ya ce ɗakin da ake shigowa yi wa mamaci addu'a bai dace a jera abu mai siffar mutum ba. Da lalama ya faɗa, ba faɗa ba. Ya ce ko in cire musu kawuna su zauna, ko ranar Juma'a ya zuba su a buhu ya kai wa maƙera.

Habibou: Kada a kai su maƙera, don Allah. Ki ba direba ya kawo mini, in haɗa da nawa.

Saliha: Ƙananan zan aiko maka. Babban ne ba zan iya ba, mai ƙirjin gwangwanin madara.

Habibou: Kwamanda.

Saliha: Shi. Ina tsakar gida ina girki sai in jiyo shi a ɗaki, ƙwas, ƙwas, Lawali na yi masa tsawa wai ya miƙe hanya. Ƙarar nan nake so ta zauna a gidan. In na cire kan, zai yi tafiya?

Habibou: Ba zai yi ba.

Saliha: Don me? Injin a kai yake?

Habibou: A'a, injin a ciki yake, na tsohuwar rediyo mai kaset. Kan gwangwanin tumatir ne, Lawali ya cika shi da yashin kogi. Nauyin ne ke rinjayar da shi dama da hagu, sai ƙafa ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta taka.

Saliha: Yashi! Ashe shi ya sa nake wanke aljihunsa cike da yashi. Bari dai in gwada. Yaya ake cirewa?

Habibou: Murɗa shi hagu kamar murfi. Makunnin na bayansa, irin na tocila.

Saliha: Ya fita. Kai, da nauyi kuwa. Na kunna... yana ta rawar jiki wuri ɗaya. Ya faɗi.

Habibou: Na gaya miki.

Saliha: To shi kai yake nema ko nauyi?

Habibou: Me kika ce? Muryarki na yankewa.

Saliha: Na ce in na ɗora masa wani abu mai nauyin kan, wanda ba fuska ba ne?

Habibou: Ban taɓa gwadawa ba. Dutse fa?

Saliha: Zai gangaro. Tsaya. Ga kwalbar humrata, wadda maƙwabciyata Babarbariya ta haɗa mini. Mai takaba ba ta shafa turare, zaune take kawai. Na auna a hannu, kusan ɗaya suke.

Habibou: Cike take?

Saliha: Rabi da ɗan ƙari.

Habibou: Ruwa zai riƙa kai-komo. Ko ya kayar da shi, ko... wallahi ban sani ba. Ɗaure ta da roba sosai a wuyan.

Saliha: Na ɗaure. Bismillah.

Habibou: Yaya? Saliha, yaya?

Saliha: Yana tafiya, Malam.

Habibou: Miƙe?

Saliha: Yana ɗan karkata hagu.

Habibou: Haka yake tun farko, mun yi ta fama bai gyaru ba. Amma Yaya zai yarda?

Saliha: Kai ya ce a cire, na cire. Kwalba ba ido ba baki. Kan zan sa maka cikin kayan, ka ajiye.

Habibou: Turaren bai zuba ba? Ina so in san ko ruwan na taimaka masa ne, don in haka ne sai in...

Saliha: Malam, kuɗin wayar sun kusa ƙarewa. Yi shiru in ajiye ta ƙasa kusa da shi.

Habibou: To.

Saliha: Ka ji?

Habibou: Na ji. Ƙararsa ce, ba ta canza ba. Kada ki ɗauke tukuna, bar shi ya ƙara ta...