Tashi Sai In Yafe

Tun da mutumin ya zauna a kujerar tsohuwar da ta fita alwala na san za a yi rigima. A ɗakin jiran likita muke, ɗana na kwance a cinyata da zazzaɓi. Tsohuwar ta dawo ta tarar da shi yana ta buga waya.

"Ɗan nan, wurina ne nan."

"Ki yafe mini, Iya. Gobe za a yi mini tiyata, tun safe yafiyar mutane nake nema."

"To tashi, sai in yafe."

"Haba Iya! Wanda bai san ko zai ga jibi ba za ki tayar?"

"Ni kuma ce maka aka yi na san zan ga la'asar? Kana zaune daram a kan haƙƙina, kana cewa in yafe! Malamin da ya ce a tuna mutuwa, haka ya koya maka?"

"Kowa na kira ya yafe, ke kaɗai ce mai taurin zuciya."

"Kowa?"

Ya dubi wayar. "Ban da ƙanwata. Ta ƙi ɗauka."

"Ita kuma me ka zaune mata a kai?"

"Rabonta na gidan mahaifinmu."

"Ai kuwa ko ni ce ba zan ɗauka ba. Ka fara tashi tukuna."

Ya miƙe, ya fita da wayar a kunne. Aka kira mu wurin likita. Har yau ban sani ba ko ƙanwar ta ɗauka kafin a shiga da shi tiyatar.