Zogalen Jikata da Ruwan Alwala

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Malam Bukar ne daga Mirriya, da hannuna na rubuto, albarkacin lakwal, wato makarantarmu ta dare.

Farin nan ya cinye itatuwan gidana kaf. Sai aka haifa mini jika, Falmata, amma nonon uwarta bai isa ba. Da shigowar sabuwar shekara na ɗauki niyyar dasa zogale, don ganyensa na ƙara nono, kuma ba zan ƙara alwala ba sai a gindinsa. Matata ta ce, "Malam, ruwan buta ne zai raya itace?"

To, jiya ita da kanta ta tsinki ganyen, ta dafa wa mai jego! Alhamdu lillahi.

Sai dai awakin maƙwabta sun gano shi. Jama'a, da me zan kange shi, tunda ƙaya ma ta ƙare a daji?