Makullin Motar Baba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali?

Daga Talata Mafara nake rubutowa. Na yi wata uku a makarantar koyon tuƙi, ina da lasisi. Yayana Nasiru kuwa a wasan tseren mota na waya ya yi nasa karatun. Da Baba ya sayi mota, sai ya miƙa wa Nasiru makulli.

Ranar Juma'a muka ɗauki Inna za mu biki Bakura. Yaya yana karkata jiki a kowace kwana, kamar yadda yake karkata wayarsa. Kusa da Birnin Tudu ya yunƙura zai wuce motar shanu, sai ga mu cikin gonar gero. Na ce, "Yaya, danna a sake farawa mana." Inna ta ce, "Ke, rufe mana baki!" Ni na fito da motar, na kai mu lafiya.

Da Baba ya ji labari cewa ya yi, "Ai namiji sai da ƙarfin hali." Makulli na aljihun Nasiru har yau. Kishi nake, ba zan ɓoye ba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in sake nuna wa Baba lasisin, ko ni ma in sauke wasan nan a wayata?

Taku, Hadiza.