Keken da Aka Kankare daga Bangon Gidanmu

Kuɗin jirgina kwallayen Inna ne. Ku da kuka tashi zamanin roba ba ku san kwalla ba, to a da ita ce arzikin mace, a jere tun daga ƙasa har rufin ɗaki. Inna ta kira dillaliya ta kwashe su kaf, abin da ya rage mata akwatin ƙarfe guda ne mai shuɗin fenti. Ta ce in tafi in yi karatu, in dawo in cika mata ɗakin. Ku gyara zama. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sami bangon ƙofar gidan nan, yau za ku ji. Kai kuma mai cewa in ka samu biza ko waiwaye ba ka yi, matso nan gaba.

A Liyon na sauka, can ƙasar waje. Karatun bai yi shekara biyu ba ya watse, don ba a karatu da yunwa da sanyi a haɗe. Na samu ɗaki a Benisiyo, unguwar da suke kira Mangat, sunan sai an toshe hanci yake fita daidai. Dogayen benaye ne a tsaye kamar akwatunan ashana. Ni ina hawa na goma sha ɗaya, a gidan wata dattijuwa mai haya da ɗakin ɗanta. Asansar ɗin da ke hawa da mutane kuwa, in ta yi aiki Litinin sai ta huta har Juma'a. Ranar da na fara sa daddawa a miya matar nan ta fito da tsumma a hanci.

"Madam Balkisa, mene ne ya mutu a kicin ɗina?"

Na ce, "Ba abin da ya mutu, Madam. Cukun da ke cikin firijinki ma na yi haƙuri da shi wata uku."

Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, na samu lafiya.

Aikin da na samu a wata ƙaramar maɗaba'a ne bayan layin taram, jirgin ƙasan cikin gari, su suna cewa amfirmari. Injin ya buga, wani ya naɗe, ni in jera in cusa a katon, wato kwali, in liƙe. Yawancin abin da muke bugawa littattafan zane ne da suke kira bede, na ƙattin nan masu tashi sama da mayafi a baya, kamfai bisa wando. Manya masu furfura suke saye, wallahi. Ni ko buɗe su ba na yi. Shekara tara ina ɗaukar su kamar mai ɗaukar bulo.

Abu guda ne na kasa jurewa a wurin. Kafin launi ya zauna, injin yana fitar da takardu masu yawa da ba su yi ba, shafi ɗaya ne ake ta maimaitawa, sai a zuba a bola. Takarda mai kauri, mai sheƙi! Ni da na tashi a gidan da ko takardar siminti ba a yarwa. Sai na riƙa naɗewa ina kai gida. Rannan shef ɗinmu, shugaban wurin aikin, ya tare ni a ƙofa.

"Mene ne wannan a jakarki?"

"Shara ce, Shef."

"Sharar kamfani ce."

"To in mayar maka da ita ka kai wa matarka?"

Ya ɗaga hannu sama ya ce in kwashe, shi bai ga komai ba. Da ma ya ƙwace takardun ranar.

Yanzu bari in zo kan Laminu. Kun san sunan, ko da yake ba a faɗarsa a gidan nan sai a raɗa. Ƙanena ne, ƙanen babanku, shi ne autan Inna. Ya biyo ni bayan shekara biyar da bursi, wato tallafin karatu, yana karatun zanen gine-gine a Pari, yana zaune a Kurnob, wata unguwar benaye da ta fi tamu muni. Tun yana ƙarami ba ya rabo da fensir. Tsofaffin bede ɗin da ake zubawa a ƙasa a kasuwa, shi ke tsugunawa ya karance su har mai su ya kore shi. Ba shi da hayaniya, yana da tsagar gidanmu biyu-biyu a kunci, in ya yi dariya sai su lotsa.

Wata rana ya kira ni ya ce shi da wasu masu zane za su haɗa littafi guda, kowa ya kawo labarin jaruminsa. Ya ce sunan abin antoloji, na ce Allah ya ba mai shi lafiya, don sunan ya yi mini kama da ciwo. Ya tambaya ko shef ɗinmu yana karɓar ƙaramin aiki. Na tsaya kai da fata har aka ba mu. Ina ta fankama a wurin aiki, ƙanena mai zane ne.

Ranar da za a fara bugawa ya sake kira. Muryarsa wata iri.

"Yaya, don Allah ki karanta nawa. Shafi takwas ne kawai. Ke nake so ki fara gani kafin kowa."

Na ce to. Ban karanta ba. Ƙafafuna a kumbure, ga azumi ya kama, na ce a raina yaushe zan zauna kallon ƙato da kamfai. Akwai maɗaba'u ɗari a Pari, yaron nan ya tsallake su ya kawo aikin hannuna, ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Abin da na yi kawai, na kwashe takardun bola kamar kullum.

Kun san yadda muke aika tsaraba. Ba ma bin gidan waya, mutum ake ba. Akwai wata Hajiya a Gutdor can Pari, unguwar da in ka shiga sai ka rantse kana kasuwar gida, duk sallah tana sauka da akwatuna cike da saƙon mutane. Na sayi turaruka, sabulai, man shafawa, da maganin gwiwar Inna. Kowace kwalba na naɗe ta da takardun nan biyu-biyu don kar ta fashe, na cusa wasu a kusurwoyi. Idona yana kan kwalba, bai sauka kan takarda ba. Na ɗaure katon na hau jirgin ƙasa zuwa Pari.

Laminu ya tare ni a tasha. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, kin duba?"

Na ce, "Na duba mana. Ya yi kyau ƙwarai. Allah ya yi maka albarka."

Ya tsaya cak a tsakiyar mutane. Ya ce, "Da gaske? Ba ki yi hushi ba?"

"Hushin mi? Ai kai ƙanena ne, duk abin da ka yi nawa ne."

Sai hawaye. Namiji mai gemu, a tashar jirgi, ya kama hannuna ya riƙe gam yana godiya da nasaranci, marsi, Yaya, marsi. Na ce a raina masu zane dai zuciyarsu kamar ta jariri. Shi ya ɗauki katon ɗin a kafaɗarsa, da kansa ya hau da shi benen Hajiya, har ya rubuta sunan Inna a jiki da kyakkyawan rubutunsa. A hanya ya saya mini gasasshiyar masara, yana ta surutu irin wanda ban taɓa jin ya yi ba. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar ranar ba, kuma ban sake gani ba.

Bayan sallah da mako biyu Baffa Issufu ya kira, ƙanen mahaifinmu, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar Baba. Mutumin da gaisuwarsa kaɗai ke cinye kati, ranar ko sallama babu.

"Balki, ke ma kina ciki kenan?"

"Cikin mi, Baffa?"

"Ke kika aiko da shi. Gari duka ya gani. Har a ƙofar masallaci an miƙo mini, da maiƙon ƙosai a jiki."

Ga abin da ya faru. Inna ta buɗe katon a tsakar gida gaban matan unguwa, kamar yadda ake yi, ana rabon sabulu ana shewa. Takardun kuwa ta miƙar da su ta tara, ta ba maƙwabciyarmu mai ƙosai, don ita ma Inna ba ta yar da takarda. Da safe duk wanda ya sayi ƙosai da shafin nan aka naɗe masa. Shafi ɗaya ne, ya fi sau hamsin.

Na ajiye waya na jawo ragowar takardun daga ƙarƙashin gado, na duba a karo na farko. Jarumi ne ya sauko daga sama, mayafinsa baƙin turkuɗi irin namu, da tsaga biyu-biyu a kunci. Wani namiji yana jiransa, sun rungumi juna, baki da baki. A bayansu kuma ƙofar gidan nan ce. Kakanmu ya sa magini ya fitar masa da siffar keke a bango, bisa ƙofa, tun zamanin da keke ke abin kallo, shi ya sa ake ce mana Gidan Mai Keke. Duk Damagaram babu mai irinsa. Laminu bai sa sunansa na gaskiya a littafin ba, amma ya zana keken har da ƙararrawarsa. Littafin gaba ɗaya na jarumai ne maza masu son maza, da mata masu son mata. Kowa a wurin aikinmu ya sani, sai ni.

Washegari na hau jirgi na tafi Kurnob, raina a ɓace. Yana buɗe ƙofa na jefa masa takardar a fuska.

"Ka kashe mu! Ka rasa abin zanawa sai ƙofar ubanka?"

Ya ɗauka ya duba, ya dube ni. "Ina kika samu wannan?"

Na faɗa masa komai, katon, ƙosai, Baffa. Ya zauna a ƙasa a hankali kamar tsoho. Na zaci zai yi ihu. Abin da ya ce kawai, "Yaya, kin ce kin karanta."

Na ci gaba da faɗa don in rufe kunyata. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Tun ina ƙarami nike karanta littattafan nan. Masu tashi, masu ɓacewa, masu fasa dutse, babu ko ɗaya irina. Da aka ce kowa ya zana nashi, ban so ya ceci duniya ba. So na yi ya koma gida ya shiga ta ƙofa, shi ke nan. Littafin an yi shi don nan ne, wa zai kai shi Damagaram? Ke ɗaya na so ki sani."

Ni ba malama ba ce. Abin da na taso na ji game da irin wannan shi kuka ji, kuma har yau ban gama daidaita shi a zuciyata ba. Amma na san abin da ni na yi. Yaro ya miƙo mini sirrinsa da hannu biyu, na yi masa ƙarya, na naɗe turare da shi. Ranar ban ba shi haƙuri ba. Na ja ƙofa na fita ina huci, kamar ni aka cuta.

Baffa ya sa aka bi gida-gida aka tattaro takardun aka ƙone. Ya kawo magini ya kankare keken, shi ne tabon da kuke gani. Ya ce muddin yana numfashi Laminu ba zai taka zauren nan ba, ya hana Inna ɗaukar wayarsa. Laminu ya yi ta kira wata da watanni, daga baya ya bari. Da na huce na neme shi, lambar ta mutu, ɗakin kuma wasu ne a ciki.

Shekara huɗu bayan haka aka ce Inna ba lafiya, na tattara na dawo. Ban cika mata ɗaki ba, akwati biyu na zo da su da ciwon baya. Wata rana da hantsi, ba kowa a ɗakin, ta ce in buɗe akwatin ƙarfen nan in ɗaga zannuwa. A can ƙasa na tarar da shafin, guda ɗaya da ta ɓoye, an goge shi da dutsen guga ya miƙe sumul.

Ta ce, "Ni ban iya nasaranci ba, kuma ba wanda zan tambaya. Wannan rubutun da ke fitowa daga bakinshi, mi ya ce?"

Ku ji fa, sau biyu takardar nan tana hannuna, ban taɓa karanta rubutun ba. Na karanta, na juya mata da Hausa. Jarumin yana ce wa ɗayan, "Kar ka ji tsoro. Innata ba ta sa wa ƙofa sakata sai na shigo."

Inna ta daɗe tana shafa tsagar da ke kan takardar da ɗan yatsa. Sannan ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Je ki zare sakatar."

Na je na zare, da rana tsaka, Baffa yana zaune a zaure yana kallona. Na aika saƙo ta bakin duk wanda na sani a Pari da Liyon, a gaya wa Laminu Inna ta ce ƙofa a buɗe take. Ta yi kwana goma sha tara, duk motsin da ta ji sai ta juya kai, sannan ta cika. Saƙon ya same shi bayan an yi sadakar bakwai. Ya turo mini layi ɗaya daga lambar da ban sani ba, ya ce Allah ya jiƙan ta. Na amsa, na roƙe shi gafara, har yau shiru.

To kun ji. Masu tafiya ku tafi, ban hana kowa ba. Amma ɗazu da zan shigo na ga wani cikinku ya sa wa ƙofar zaure sakata, wai saboda awaki. Ba sai na tambayi ko wane ne ba. Ya tashi ya je ya zare.