Ranar da Auta Ta Ƙi Ɗaura Taya

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai masu haƙuri, 'yan uwana iyaye, da ku ƙananan injiniyoyi da har yanzu gam bai gama fita daga yatsunku ba, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni damar magana a madadin iyaye, ko da yake na san an zaɓe ni ne don ni kaɗai ban yi saurin sunkuyar da kai ba. Godiya ta musamman ga malamar kimiyya, wadda ta jera yaranmu a dogon tebur suna haɗa mutum-mutumi hannu da hannu: wannan ya yanka kwali, wancan ya liƙa ido, wata ta sa batir, kowa da abu ɗaya tak.

Magana ta farko, ni ma aikina ke nan. A masana'antar fanka nake, kuma tun ina da gashi a ka abin da nake yi shi ne ɗaura fuka-fuki. Autata ba ta taɓa ganin wannan a matsayin sana'a ba. In aka tambaye ta aikin babanta, sai ta ce yana zuwa wani waje. Ina dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Magana ta biyu, sai Allah ya sa a teburin malama aikin sa wa mutum-mutumin taya ya faɗo a kan Auta. Ta dawo gida baki a tunzure, wai ita da ke ta ɗaya a aji za a ba ɗaurin taya, alhali ƙawarta ce ke fentin fuska. Uwarta ta lallashe ta, yayanta ya tsokane ta, washegari ta ce cikinta na ciwo, ba za ta makaranta ba. Ciwon nan dai bai hana ta cin abinci sau biyu ba.

To, jama'a, malama ta riga ta ce kowa ya tsaya a kan aikinsa, kuma yaran nan sun ji magana fiye da yadda ake so. Mai kwali ya miƙa, mai ido ya miƙa, aka tsallake kujerar Auta, mai batir ta sa batir. Kafin malama ta waiwayo, ga mutum-mutumi jere a ƙarshen tebur, ido ƙuri, fenti ɗas, suna ta kuka da karkarwa a waje ɗaya, ba mai motsawa. Malama ta hana a taɓa su. Ta ce a bar su haka har mai ciwon ciki ta warke.

Da Auta ta koma makaranta ta gan su, an ce sai ta ja kujerarta ta ɗauki sukudireba. Da yamma ina cire takalmi ta zo ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Baba, ranar da ba ka je ba, wa ke ɗaura fuka-fukin?”

Na ce babu kowa, sai dai fankokin su taru su jira ni. Ta daɗe tana kallona, ni kuma na yi ta fama da igiyar takalmi don kada ta ga idona.

Magana ta uku ƙorafi ce, malama. Kin ba ni shugaba a cikin gidana. Yanzu tun da sassafe ake buga mini ƙofa, ko mura nake yi ba a ɗaga mini ƙafa, wai in tashi mutane na jirana. Ranar hutu ma sai da na yi rantsuwa kafin aka bar ni na koma barci. Duk da haka ina roƙon shugabar makaranta, don Allah kada a ɗauke teburin nan baɗi.

Allah ya raya mana yaran nan, ya saka wa malamai da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni zan riga ku fita, don ga Auta can tana nuna mini agogo.

Na gode.