A Jira Iskar Kusi Kafin a Zubar da Laka

Shugaban taro Dattijo Kibwana, manyan baƙi daga hukumar tashar jiragen ruwa, injiniyoyi, iyayena mata masu noman ciyawar teku, abokan aikina na bakin jirgi, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba ni dama, ni Shomari, mai tuƙa injin ɗaga kwantena, wanda karatunsa bai wuce sakandare ba.

Na farko, ina son a yashe mashigar tashar nan. Ina so, domin manyan jirage suna wuce mu su nufi Mombasa, mu sai ƙanana masu kwaso ragowa. Ina so, domin aikina ya koma kwana biyu a mako, kuma an ce in ba a fara bana ba, masu jiragen za su ƙulla da wata tashar.

Na biyu shi ya fi mini nauyi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta yanayin iska da tafiyar ruwa kowace safiya kafin in hau injin. Da na ga inda za a zubar da lakar da za a yaso, sai na duba ranakun da injiniyoyi suka yi awon tafiyar ruwan: duka a Janairu ne, lokacin iskar kaskazi mai busowa daga arewa, ruwa na tafiya a hankali. Amma idan iskar kusi ta taso daga kudu, duk abin da ya faɗa wurin nan arewa yake nufa, kan gonakin ciyawa.

Sau uku ina sake dubawa, ina fatan ni na yi kuskure. Sannan na kai wa yayata Mwanakombo, wadda gonarta ke can. Ta ce, "Kai da rubuce-rubucenka! Sai da ka cika littafi goma kafin ka san abin da zanina, mai shiga ruwan nan kullum, ya sani? Je ka gaya musu, kuma ban da wannan 'wataƙila, wataƙila' taka."

Yaya, ki yi haƙuri, wataƙilar tana nan. Ba ni da na'ura, ido ne da biro. Shi ya sa ban ce a fasa ba. Roƙona a jira kusi, a sake awo a watan Yuni.

Abokan aiki, ina ganin fuskokinku. Na san jiran nan zai iya cinye har kwana biyun da suka rage mana. Ga littattafan a kan tebur. Wanda ya nuna mini kuskurena, wallahi zan fi kowa murna. In ba a samu ba, idan an zo ɗaga hannu, nawa yana tare da masu cewa a jira.

Allah ya cika tasharmu da jirage, ya bar wa iyayenmu ruwansu garau, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.